Wasan Estrin da Berliner ta wasiƙa: basira ce ko kuskuren da ya yi sa'a?

Doki Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan allon ces ɗina yana shimfiɗe da wasa ɗaya, na kasa kwashe shi. Wasan Yakov Estrin na Tarayyar Sobiyat ne da Hans Berliner na Amurka, a zagayen ƙarshe na gasar duniya ta biyar ta ces ta wasiƙa, wadda aka fara a 1965 aka gama a 1968. Estrin ke riƙe da Fari. Ga yadda aka buɗe:

1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 b5 6.Bf1 Nd4 7.c3 Nxd5 8.Ne4 Qh4 9.Ng3 Bg4 10.f3 e4

Ku tsaya nan ku dubi allon da kyau. Sojan c3 yana shirin cin dokin Baƙi a d4, sojan f3 yana shirin cin giwarsa a g4. Abu biyu a bakin kura, mutumin nan bai janye ko ɗaya ba, sai ya tura soja gaba taku ɗaya ya jefa kati a akwatin gidan waya. Kuma wanda ya aika wa ba kanwar lasa ba ne. A zamanin, in ana maganar Kariyar Doki Biyu, wato wannan buɗin, Estrin ne malamin da ake komawa wurinsa, shi ke rubuce-rubuce a kai wasu na karantawa. Berliner ya bi shi har cikin ɗakinsa ya ci shi a taku 42.

Tambayata: na ji ana cewa injin yanzu, wato manhajar kwamfuta mai nazarin ces, ya rushe 10...e4. In haka ne, me ya rage na darajar wasan?

Sabon Shiga: Wa alaikumus salam. Yaya, a yi mini afuwa, wata biyu kacal na yi da fara koyo. Wace ce giwa? Kuma me ya sa a taku na 6 Fari ya koma da ita inda ta fito? Malamina cewa ya yi kada a motsa abu ɗaya sau biyu a buɗin wasa.

Doki Biyu: Giwa ita ce mai tafiya a karkace, harafin B. N doki, R hasumiya, Q sarauniya, K sarki. Malaminka bai yi ƙarya ba, amma gwada 6.Bxb5 a allonka. Baƙi zai ci d5 da sarauniya, ta kai wa giwar hari ta kuma kai wa g2 hari lokaci guda. Komawa f1 yana tsare g2 tun kafin a tambaya. Mummunan taku ne a ido, amma shi ne wanda masana suka fi yarda da shi. Shi kuwa 5...b5 sunan Olaf Ulvestad ake kiransa da shi.

Ɗan Inji: Ni dai ba zan ɓoye ba, an cika zuzuta wasan nan. Na sa shi a injin Stockfish tun bara. Bayan 11.cxd4 Bd6, in Fari ya buga 12.Qe2 maimakon cin b5, Baƙi na cikin ruwa tsundum, doki guda ya tafi kuma harin bai kai ya biya shi ba. Ko a yadda aka buga ɗin ma, 12.Bxb5+ Kd8 13.0-0 exf3 14.Rxf3 Rb8, kowa ya yarda 15.Be2 kuskure ne. Wato mutum ya yi caca, abokin karawarsa ya yi tuntuɓe, shi ke nan an naɗa masa rawani. A wasan kan tebur da agogo na bugawa zan yafe. Amma wasan wasiƙa fa? Ana da kwanaki a kan kowane taku, ana da littattafai, an halatta a motsa 'ya'yan a allo yadda aka ga dama. Wasan da ya kamata a ce shi ne mafi tsabta. In an sami kuskure a taku na 10, na 12 da na 15, ina tsabtar?

Baba Mai Kati: Yaro, ka taɓa jiran kati?

Ɗan Inji: A'a Baba, ban riski zamanin ba.

Baba Mai Kati: To zauna in ba ka labari, don na yi shekaru ina wasa ta gidan waya kafin intanet ta zo ta kashe kasuwar. Kana cewa "ana da kwanaki". Gaskiya ne, a ƙa'idar da na sani kwana 30 ne na tunani a kan taku 10, ban da kwanakin da kati ke yi a hanya. Amma kwanakin nan ba zaune kake kana kallon allo ba. Kana da aiki, kana da iyali, kuma ba wasa ɗaya kake ba. Berliner da kake magana wasa 16 ya buga a gasar nan, duk suna tafiya tare. Abin da kake da shi allo ne, da littafin rubutu, da kanka. Za ka bi layi ɗaya taku goma sha biyar, ka rubuta, ka mayar da 'ya'yan, ka bi wani. Wata rana sai ka gano ka manta soja ɗaya a gidan da ba nasa ba tun jiya, duk aikin dare biyu ya tashi a banza.

Kuma ba da haruffa muke rubutawa ba, saboda harafin doki a Jamus daban, a Rasha daban, a Ingila daban. Lambobi ne. Kowane gida lamba biyu, ta farko layin tsaye, ta biyu layin kwance. 1.e4 shi ne 5254. 2.Nf3 shi ne 7163. Wannan 10...e4 da kuke ta gardama a kai, in an bi wannan tsari lamba huɗu ce kawai: 5554. Ni na taɓa son rubuta 4445, hannuna ya rubuta 4454, na manna kan sarki na aika. Takun da na rubuta halattacce ne, don haka ya zauna, sarauniyata ta faɗa bakin doki. Wasan da na yi wata goma sha huɗu ina renonsa. Abokin karawata ya rubuto mini ta'aziyya a ƙasan katinsa, amma bai fasa ci ba.

Saboda haka in ka ce Estrin ya yi tuntuɓe a taku na 15, ka tuna ramin da ya faɗa mutum ne ya tona shi da hannu, ya auna zurfinsa, ya san wanda zai bi ta hanyar.

Malama Sarauniya: Baba, Allah Ya ƙara lafiya, labarin 4454 ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi. Amma ina ganin kun bar Ɗan Inji ya ja mu inda yake so. Kowa na magana kan taku na 10, alhali a wurina kyan wasan ba a can yake ba. Ku ci gaba da bugawa:

15.Be2 Bxf3 16.Bxf3 Qxd4+ 17.Kh1 Bxg3 18.hxg3 Rb6 19.d3 Ne3 20.Bxe3 Qxe3 21.Bg4 h5 22.Bh3 g5 23.Nd2 g4 24.Nc4 Qxg3 25.Nxb6 gxh3 26.Qf3 hxg2+ 27.Qxg2 Qxg2+ 28.Kxg2

Ku lura Estrin bai kwanta ba. Hasumiya ta hau b6 tana nufin h6 ta gama da sarki, ya buɗe wa giwar c1 hanya da 19.d3 don ta tsare gidan. Berliner ya toshe hanyar da doki a e3. Estrin ya kewayo da ɗayar giwar ta g4 zuwa h3 ta zama garkuwa. Berliner ya turo sojoji biyu su kore ta. Estrin ya fito da doki ya kai wa sarauniya da hasumiya hari tare. Tambaya da amsa, tambaya da amsa, kowace da kan sarkinta, tana ƙetare teku. Da ƙura ta lafa, me ya rage? Hasumiya ɗaya-ɗaya, Fari soja uku, Baƙi huɗu. Duk wannan wuta a kan soja ɗaya aka ƙare.

Yanzu Baƙi zai ci dokin da ke b6. Sabon Shiga, kai da wane soja za ka ci?

Sabon Shiga: Da na a7, Malama. An ce a riƙa ci zuwa tsakiya.

Malama Sarauniya: Haka aka koya mana duka. Berliner da na c7 ya ci: 28...cxb6. Dalili shi ne, duk wanda ya karanci ƙarshen wasan hasumiya ya san cewa in aka share sojojin ɓangaren sarauniya kaf, aka bar mutum da sojan f da na h kawai, galibi kunnen doki ake yi duk da fifikon soja biyu. Nan ne mafakar Estrin. Da an ci da sojan a, Fari zai turo a4 da b4 da a5 ya yi ta musaya har ɓangaren ya zama fili. Ci da sojan c ya sa wannan ya yi wuya, ya kuma buɗe wa hasumiya layin c. Sai ga abin da ya biyo baya: 29.Rf1 Ke7 30.Re1+ Kd6 31.Rf1 Rc8. Ya bar f7 a ci! 32.Rxf7 Rc7. Sojoji sun zama uku da uku, yana kuma miƙa hasumiya a yi musaya. Fari ba zai iya karɓa ba, don in hasumiyoyi suka fita, sojan h5 zai ja sarkin Fari can gefe, sarkin Baƙi ya shiga ya cinye sauran a natse. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ɗan Inji, sa wannan ɓangaren a injin naka ka faɗa mana ko a nan ma caca ce.

Ɗan Inji: Na sa, Malama. A nan kam ba ni da ta cewa, takun Baƙi ba su da aibu. Amma wannan bai goge maganata ba. Kyan rufi ba ya gyara ginin da tushensa ya karkace.

Mai Shiru: Karkace a idon wa? A 1965 babu wanda ya nuna karkatar. Littafin lokacin cewa yake doki ya ja baya zuwa f5 a taku na 10, Fari ya fi. Berliner ya zo da abin da ba ya cikin littafi, mai littafin kansa ya zauna da shi kwanaki ya kasa warwarewa. Ni wannan nake kira ƙirƙira.

Ɗan Inji: Ƙirƙira ce, amma ba gaskiya ba ce. Ces lissafi ne. Taku ko daidai ne ko ba daidai ba.

Doki Biyu: Bari in shiga tsakani, don ina ganin wani abu a maganar Ɗan Inji da ba a ba shi haƙƙinsa ba. Berliner da kansa ba zai yarda a kare shi da cewa "ai a zamaninsa ne" ba. Mutumin ya ɗauki ces a matsayin abin da ake tabbatarwa da hujja. Ya yi shekaru da yawa bayan wasan yana rubuce-rubuce yana kare wannan layin, duk wanda ya kawo wa Fari gyara sai ya nemo wa Baƙi amsa. Wato a wurinsa 10...e4 da'awa ce yake so ta tsaya, ba tarko ba ne na rana ɗaya. In inji ya rushe ta, to ya rushe wani abu da Berliner ya damu da shi.

Abin dariyar kuma, shi ne ya taimaka wajen kawo injin. Bayan ya ci gasar da maki 14 cikin 16, nasara 12 kunnen doki 4 ba a ci shi ko sau ɗaya ba, sai ya tafi jami'ar Carnegie Mellon ya duƙufa kan koya wa kwamfuta wasa. Manhajarsa ta wasan bakgamon ta doke zakaran duniya Luigi Villa a 1979, daga baya ya jagoranci gina na'urar ces mai suna HiTech. Ya rasu a 2017, ya ga zamanin da wayar hannu ta fi kowane gwani. Shi ya yi kiwon zakin da ya zo ya cinye takunsa.

Baba Mai Kati: Ba takunsa kaɗai ya cinye ba, ɗana. Ya cinye wasan gaba ɗaya. Hukumar ces ta wasiƙa ta duniya, ICCF, da aka kafa a 1951 ita ke shirya gasar duniya, kuma a yau ta halatta amfani da inji, don ba ta da hanyar hanawa. An koma intanet, ana ba da kwana 50 a kan taku 10. Je ka duba teburin sakamakon zagayen ƙarshe na kwanan nan. Rabi, rabi, rabi, rabi, har idonka ya gaji. Jon Edwards na Amurka da ya ci gasa ta 32 a 2022, sai da aka koma ga ƙa'idar raba gardama kafin a ba shi kambu, don akwai waɗanda makinsu ya zo ɗaya da nasa. Kwatanta da mutumin da ya ba na biyu tazarar maki uku. Tsabtar da Ɗan Inji ke nema an same ta, ga ta nan: wasa ba kuskure, ba mai ci, ba kuma wanda zai shimfiɗa shi a allo kwana uku kamar yadda Doki Biyu ya yi.

Malama Sarauniya: A nan kuma Baba zan ɗan saɓa muku, da girmamawa. Masu buga ICCF a yau ba danna maɓalli kawai suke yi ba. Zaɓen buɗin da zai kai ga matsayin da inji ba ya gani sosai, sanin lokacin da lambar da yake nunawa yaudara ce saboda ganuwa ce da ba ta fasuwa, haƙurin barin nazari ya yi kwanaki, duk aiki ne. Wanda ya shiga da inji tsirara ba tare da fahimta ba, yana shan kashi a hannun wanda ya iya. Kuma manyan 'yan wasan kan tebur suna bin wasannin wasiƙa suna kwasar sabbin dabarun buɗi. Sana'ar ce ta sauya kama. Abin da na yarda da ku a kai shi ne ba ta da daɗin kallo.

Baba Mai Kati: 'Yata, na ji. Amma ni abin da na sani, da in kati ya zo hannuna na rawa nake juya shi. Yanzu wa ke rawar hannu?

Sabon Shiga: Tambaya kuma. Ni ina buga wasan kwana-kwana a Chess.com, taku ɗaya a kwana uku. Ke nan ni ma zan iya kunna inji?

Mai Shiru: Kul! A can da shafin Lichess haramun ne, za a rufe maka asusu. Littafin buɗi da taskar tsofaffin wasanni an yarda a wasan kwana-kwana, inji ko tambayar wani ba a yarda ba. Kowane gida da dokarsa.

Ɗan Inji: To ai ga shi nan, Baba. Irin wasanku bai mutu ba, yana nan a waɗannan wuraren, ba kan sarki ba jiran ɗan aike.

Baba Mai Kati: Yana nan ga irinmu masu wasa don nishaɗi. Amma manya biyu, kowa ya san ɗayan ba shi da mataimaki sai kansa, su yi shekara biyu ko uku a kan allo ɗaya? Wannan ya wuce. Babban gwani Paul Keres da wasiƙa ya goge tun yana saurayi a Istoniya, wasanni bila adadin. Cecil Purdy na Ostareliya da ya fara cin gasar duniya ta wasiƙa a 1953, daga can ƙarshen duniya yake aika katinsa. Kafin su ma, kulob ɗin Landan da na Edinbara sun kara daga 1824 zuwa 1828, wasiƙa na tafiya a keken doki, Edinbara ta yi nasara, daga nan buɗin Sikotlan ya samo sunansa. Kowane cikinsu in ka sa shi a injinka za ka sami abin zargi. Shi kansa Estrin da kake gani kamar ya yi sakaci, ai shi ya zo ya ci gasar duniya ta bakwai. Ba rago aka kayar ba.

Doki Biyu: Shi ya sa da Andy Soltis ya jera wasanni ɗari mafi kyau na ƙarni na 20 a littafinsa na shekarar 2000, wannan ya sa a lamba ɗaya, sama da na zakarun duniya Fischer da Kasparov da kowa. Ni ban ce na yarda da jerin ba. Na fi karkata ga Malama: rabin farko jarumta ce da ta dogara ga abin da ɗan Adam zai iya gani, rabi na biyu kuwa ko yau ba a taɓa shi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne mutum ɗaya ya yi duka biyun a wasa ɗaya.

Ɗan Inji: Lamba ɗaya dai ta yi yawa. Zan yarda da goma na farko, saboda 31...Rc8.

Malama Sarauniya: Mun samu ci gaba, daga caca zuwa goma na farko.

Sabon Shiga: Ku ƙarasa mana don Allah, na tsaya a 32...Rc7.

Doki Biyu: 33.Rf2 Ke5 34.a4 Kd4 35.a5 Kxd3 36.Rf3+ Kc2 37.b4 b5 38.a6 Rc4 39.Rf7 Rxb4 40.Rb7 Rg4+ 41.Kf3 b4 42.Rxa7 b3, Fari ya miƙa wuya. Dubi 37...b5, har a nan ya ƙi yarda a yi musayar sojoji. Dubi kuma tafiyar sarkin: d8, e7, d6, e5, d4, d3, c2. Sarkin da aka hana shiga lungu tun taku na 12, shi ya zo ya gama aikin.

Sabon Shiga: Amma Yaya me ya sa ya sallama? Sojansa na a6 saura taku biyu ya zama sarauniya, na Baƙi ma biyu, kuma Fari ke da taku.

Malama Sarauniya: Hasumiyarsa ce ta tare masa hanya a a7, sai ta kauce tukuna. Gwada 43.Rc7+ Kb1 44.a7, sai Baƙi ya buga Ra4 ya zauna a bayan sojan, ba zai ƙara motsi ba. Hasumiyar Fari ta ɗaure da gadinsa, sarkinsa kuma ba zai iya tsare b da h a lokaci ɗaya ba. In hasumiyar ta bar gadin a7 ta je cin h5, Baƙi ya ci a7, sojan b ya shige, dole Fari ya ba da hasumiya a kansa.

Sabon Shiga: Na gani yanzu. Na buga shi sau uku, kowane karo Baƙi ke ci.

Baba Mai Kati: Ɗan Inji, tunda ka ce 12.Qe2 ta gama magana, zo mu gwada. Ka riƙe Fari daga nan, ni in riƙe Baƙi, taku ɗaya duk kwana uku, a nan gaban kowa. Sharaɗi ɗaya: ka kashe injin, kuma abin da ka riga ka gani a cikinsa na yafe maka.

Ɗan Inji: Baba, taku uku kawai na haddace bayan Qe2.

Baba Mai Kati: Sun ishe ka farawa. Rubuto da lambobi.

Ɗan Inji: 4152. Na duba sau biyu kafin in aika.